Yawo a Kawaji: Daɓen Ɗaki da Daɓen Hanya

Makon nan za mu ɗan ajiye maganar girki da reno, mu yafa mayafi mu fita yawon buɗe ido. Ba nisa za mu yi ba, nan Kawaji ne cikin Kano, amma ina roƙon kowace ta riƙa duban ƙasa, domin abin da na ke so in nuna muku a ƙarƙashin ƙafa ya ke.

Kawaji ɗaya ce daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Nassarawa, tana maƙwabtaka da Dakata da 'Yankaba da Sauna. Wadda ta taso daga cikin gari, sai ta ratsa unguwar Turawa ta dā, watau Nassarawa, ta kama titin Haɗeja ta nufi gabas. To, tun a unguwar Turawan nan a ke fara karatu. Bisa dokar garuruwa ta 1917 aka tsara irin waɗannan unguwanni, har aka ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakaninsu da inda 'yan ƙasa su ke zaune, wai don gudun sauro. Wannan wariya ba abin yabo ba ce. Amma a dubi yadda su ka yi wa kansu hanya: mai faɗi, da itatuwa dama da hagu, da lambatu a gefe, aka kuma bar wa kowane gida fili wanda zai shanye ruwan sama. Sai da su ka san inda ruwa zai bi kafin su san inda mota za ta bi.

Da an wuce Bompai da masana'antunta an doshi 'Yankaba, sai duniya ta sake. Ga motocin kayan gwari suna sauke tumatir da attaruhu da albasa, ga tireloli masu shiga Dakata da fita, ga tifofin yashi, ga 'yan A Daidaita Sahu kamar ƙudan zuma, waɗanda su ka cika gari tun da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013. Cikin Kawaji kanta, da safe 'yan makaranta ne ke cika hanya, maza da mata, da masu tallan ƙosai da 'yan garuwa suna tura kura. Gidaje sun haɗe da juna, katanga na jingine da katanga, ba sauran fili. Wani layin an zuba masa kwalta, wani an jera masa bulon nan na siminti da a ke kira intalok, da yawa kuwa har yanzu ƙasa ce tsurarta, sai ɗan birji da ɓaraguzai da masu gida su ka zuba a ƙofarsu.

Da rani duk ɗaya su ke a ido, ƙura ce kawai. Sai watan Agusta, sa'ad da ruwan Kano ya fi ƙarfi, kowace hanya ta kan faɗi gaskiyar yadda aka yi ta. Wata, ana ɗauke ruwa da rabin sa'a ta tsane, ki taka da takalminki na biki. Wata kuwa sai ta kwana uku tana riƙe da ruwa kamar kwatanniya, yara na tsallake, sauro na ƙyanƙyasa, gindin katanga na jiƙa. Mai tsohon ciki da aka ɗauko a A Daidaita Sahu za a kai ta awo ita ce ta san adadin ramukan layinsu. Shi ya sa na ce wannan magana tamu ce, ko da ya ke ba a gayyatarmu wurin ba da kwangila.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne, akwai ƙasashen da hanya ta ke da abokin gaba wanda ya fi namu mugunta, su ma kuwa sun daɗe suna gardama a kan abu guda: a yi ta ba hanya magani kowace shekara, ko kuwa a gina ta tun farko yadda ciwon ba zai kama ta ba?

Mu a nan ƙanƙara iri biyu mu ka sani. Akwai wadda ta kan zubo tare da hadari ta farfasa ganyen dawa, yara su bi suna tsinta. Akwai kuma ta firji, wadda da yawa cikinmu da ita mu ke neman na cefane da azumi. A ƙasashen sanyi kuwa, irin su Kanada da Rasha da arewacin Amurka da Turai, ruwan da ya kwanta bisa titi shi ke daskarewa cikin dare ya zama kamar gilashi. Direba ya taka birki, mota ta ci gaba da tafiyarta. Tsohuwa ta fito sayen burodi, santsi ya kwashe ta, ƙugu ya karye. Har wa yau, duk wadda ta taɓa cika gorar zoɓo fal ta sa a firji ta san abin da kan faru: ruwa in ya daskare ya kan kumbura, wajen kashi 9 cikin 100. Haka ya ke yi in ya shiga tsagar kwalta. Ya daskare ya buɗa ta, ya narke, ya kuma daskarewa, kafin sanyi ya wuce tsaga ta zama rami.

Maganin da su ka samu shi ne gishiri. I, gishirin nan na miya, sai dai ba a tace shi ba. Ruwan gishiri ba ya daskarewa da wuri, saboda haka motoci na musamman su ke bi suna barbaɗa shi. A jihar New Hampshire ta Amurka aka fara gwada wannan wajen 1938, yanzu kuwa Amurka kaɗai ta kan zuba abin da ya kai tan miliyan 20 a shekara. Kai! Ki tuna mudu nawa ke cikin buhu, buhu nawa ke cikin tan. Amma maganin ya zo da nasa ciwo. In sanyi ya yi tsanani ƙwarai, ya sauka kamar digiri 10 ƙasa da inda ruwa ke daskarewa, gishirin ya kan rage aiki. Sa'an nan idan ya narke ba ɓacewa ya ke yi ba, gangarawa ya ke cikin rafuka da rijiyoyi, ya ƙona itatuwan bakin hanya, ya shiga cikin kankaren gadoji ya cinye rodin da ke ciki. A 2001 gwamnatin Kanada ta fitar da sakamakon bincikenta cewa gishirin hanya yana cutar da muhalli. A birnin Balin na Jamus an hana masu gida barbaɗa shi a hanyar ƙafa ta ƙofar gidajensu, sai dai yashi ko tsakuwa.

Kada wata ta ce ina ruwanmu. Ɓarnar gishirin nan har Kano ta kan iso. Motocin nan na hannu da a ke kira 'yan Kwatano, wasunsu daga garuruwan sanyi su ka fito. Shi ya sa bakaniken da ya san aikinsa, in maigida ya kai shi duba mota, ba fenti ya ke fara kallo ba, kwantawa ya ke ya leƙa ƙarƙashi ya ga ko tsatsa ta ci.

To, sai masu ilmin hanya su ka koma ga ginin kansa. A Japan akwai wani gari Nagaoka, cikin lardin Niigata, inda dusar ƙanƙara kan rufe ƙofar gida. A 1961 su ka fara binne bututu a tsakiyar titi, mai ƙananan kafofi, yana feso ruwan rijiya. Ku kun sani ruwan rijiya ɗumi gare shi da asubar hunturu. Nasu ya kan kai kamar digiri 13, ya isa ya narkar da dusa tana sauka. Da aka yi wata babbar dusa a 1963, inda aka sa bututun nan ya zauna a buɗe, sai dabarar ta bazu. Daga baya aka ga yawan janye ruwan ƙasa yana sa ƙasar wasu garuruwa lotsawa, dole aka sa wa abin ƙa'ida.

A Rekyabik, babban birnin Aisland, Allah ya ba su ruwan zafi daga ƙarƙashin ƙasa, da shi su ke ɗumama ɗakuna. Idan ya gama zagaya gida ya fito da sauran ɗuminsa, kamar digiri 30, maimakon a zubar sai a bi da shi ta bututu ƙarƙashin hanyar ƙafa da wasu tituna. Wannan ya burge ni, domin tattali ne irin na uwargida wadda ba ta barin garwashi ya mutu a banza bayan ta sauke tuwo, sai ta ɗora ruwan wankan yara. Haka wani ƙaramin gari mai suna Holland a jihar Mishigan ta Amurka ya yi tun 1988, da ruwan ɗumi na gidan wutar lantarkinsu, bututun da su ka shimfiɗa ya haura mil 100 in an miƙe shi.

Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce ta Suwizalan. A 1994, a wata gada kusa da ƙauyen Därligen, aka sa bututu cikin kwalta. Da bazara rana ta gasa titi, ruwan da ke cikin bututu ya ɗebi zafin ya kai shi cikin dutse, ta ramuka 91 da aka haƙa, kowane zurfin mita 65. Dutsen ya riƙe ɗumin wata da watanni. Sanyi na zuwa sai a juyo da shi sama, gada ta ƙi daskarewa. Watau rumbu su ka yi wa zafin rana. Na ce a raina, da ana sayar da zafin watan Afrilu na Kano, da mun biya bashin ƙasa.

Amma fa duk waɗannan masu tsada ne, ba a yin su sai a tsakiyar gari, ko gada, ko gangare mai hatsari. Sauran dubban mil na hanyoyinsu, abin da ke tsare su tsohon abu ne mai arha: kada a bar ruwa ya kwana. Ƙanƙarar titi ai ruwa ce da ta rasa hanyar wucewa har sanyi ya riske ta. Saboda haka su kan ɗaga hanya sama da ƙasar da ke kewaye, su shimfiɗa mata tsakuwa mai kauri wadda ba ta riƙe ruwa, su karkata bayanta, su yi mata magudana. Wani mutumin Sikotlan, John McAdam, wanda ya karɓi aikin hanyoyin Biristol a 1816, shi ya kafe a kan cewa ƙasar wuri ita ke ɗaukar nauyin kaya, muddin an bar ta a bushe. Ya ce a farfasa dutse ƙanana a shimfiɗa, har a kan ba da labari wai ya ce duk dutsen da ba zai shiga bakin lebura ba ya yi girma. Kwalta daga baya ta zo, sa'ad da wani Bature Edgar Hooley ya yi rajistar dabararsa ta haɗa ta da tsakuwa a 1902. Aikinta na fari shi ne ta zama rufi, ta hana ruwa da ƙura.

Nan ne na ke so mu tsaya mu yi wa kakanninmu mata adalci, domin wannan ilmi ba baƙo ba ne gare su. Yaran yanzu da su ka tashi bisa siminti da tayil ba su san ranar daɓe ba. In za a kawo amarya, ko an yi sabon ɗaki, mata ne ke gayya. A share ƙasa, a daidaita ta, a zuba birji mai tsakuwa, a yayyafa ruwa daidai, ba ya yi yawa ya zama taɓo ba, ba ya yi kaɗan ya ƙi kamawa ba. Sa'an nan a jeru a durƙushe, kowace da maɗaɓinta, a yi ta bugu ana waƙa, a kai bango a komo, a kuma yayyafawa, a kuma bugu, har hannu ya yi kanta. Daga ƙarshe a kawo ruwan makuba, wanda aka jiƙa daga ɓawon ɗorawa, a shafe. Daɓen ya yi duhu, ya yi ƙarfi, ya yi sheƙi. In tsakar gida ce, tsohuwar da ke jagora ba ta yarda a tashi sai ta ga an karkata shi wajen rariya. Ta kan ɗebo ruwa a ƙwarya ta zuba, kowa ya zuba ido ya ga inda zai nufa. In ya tsaya, a sake.

Injiniya bai yi komai ba face wannan, sai dai maɗaɓinsa mota ce mai ƙafar ƙarfe. Shi ma ya kan auna damshin ƙasa kafin ya daɓe, ya zuba jar ƙasa hawa-hawa, kowane hawa kamar inci 6, ya danne kafin ya ƙara wani, sa'an nan fasasshen dutse, sa'an nan kwalta. Karkatar da ya ke ba titi kuwa ƙanƙanuwa ce, kamar kashi 1 cikin 40, watau a faɗin taku 40 a sauka taku guda. Ido bai cika ganinta ba, amma ruwa na gani.

Yanzu mu koma layukan Kawaji da wannan ido. In kin ga kwalta ta tsattsage kamar bayan kada, alama ce ƙarƙashinta ya jiƙa ya yi laushi, ko kuwa tun farko bai daɓu ba. Zuba sabuwar kwalta bisa wannan kamar shafa hoda ne bisa ƙurji. In kin ga bakin titi yana gutsurewa kamar an ci tuwo, duba da kyau, za ki tarar ba lambatu, ko kuwa yashi ya taru a gefe ya fi titin tudu, ruwa ya rasa mafita. In kuwa kin ga kwalta ta yi kwari biyu inda tayoyi ke bi, ta tattare a gefe kamar tabarma, wannan aikin zafi ne da nauyi. Kwalta ta kan fara laushi wajen digiri 50, bayan titi kuwa da tsakar ranar bazara ya kan wuce haka. Game da nauyi, an yi wani babban gwaji a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960, aka gane cewa in an ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau biyu, ɓarnar da ta ke yi wa hanya ta kan ninku kamar sau 16. Saboda haka tirela guda da aka yi wa lodin wuce kima ta fi dubban A Daidaita Sahu cin titi. Unguwar da ke maƙwabtaka da masana'antu da kasuwa, layin da manyan motoci ke ratsawa ba a yi masa shimfiɗa irin ta layin da sai keke da kura.

Ba kowace dabarar waje ce za ta karɓe mu ba. A ƙasar Holan ta Turai yawancin manyan hanyoyinsu an yi su da wata kwalta mai kafofi kamar soso, ruwa na sauka ya shige ciki ya fita ta gefe. Da damina abin sha'awa ce. Amma su kansu sun tarar da sanyi ta fi saurin daskarewa, har ta fi cin gishiri. Mu kuwa ƙurar hunturu guda ta isa ta toshe kafofin nan. A ganina, ga ƙananan layuka irin na Kawaji, bulon intalok ya fi dacewa. Zafi ba ya narkar da shi, baƙin mai da gas da ke zuba daga injin niƙa da janareta ba sa cinye shi kamar yadda su ke cinye kwalta, in kuma za a sa bututun famfo sai a ɗaga bulo a mayar, ba sai an sare titi an bar tabo ba. Ga shi samarin unguwa na iya buga shi su jera. Sai dai shi ma in ba a daɓe ƙarƙashinsa ba, ba a kuma ɗaure bakinsa da kankare ba, damina biyu sai ki ga ya baje kamar haƙoran tsohuwa.

Saura tambaya guda: ruwan in ya bar titi ina za shi? Dā Kano cike ta ke da kududdufai, inda aka ɗebi ƙasar gini, su ne ke karɓar ruwan unguwa. An cike da yawansu an yi gini. Ruwan wannan sashe na gari, mai yawa daga cikinsa rafin Getsi ya ke nema, wanda ya ratsa ta Bompai ya haɗu da Jakara, su tafi dam ɗin Wasai a Minjibir. Tsakanin ƙofar gidanki da rafin nan lambatu ne kaɗai, in ya toshe a wuri guda duk na bayansa sun toshe.

A nan kuwa, 'yan'uwa, da namu hannu a ciki, kada mu ɗora wa hukuma duka. Wa ke ba yaro shara ya ce masa ya zuba a kwata in an fara ruwa, wai ruwa zai tafi da ita? Ledar ruwa da ta cefane ba ta ruɓewa, kwalbati na farko za ta tsaya ta tare yashi. Ruwan wanki da na wanke-wanke da a ke sakowa ta rariya ya kwanta bisa titi rani da damina, shi ma ci ya ke yi a hankali, domin kwalta ba ta son jiƙa kullum, balle da sabulu. Ranar Asabar ta ƙarshen wata da a ke tsabtace gari, a tura samari su yashe lambatu, amma a kwashe abin da aka yaso, kada a tara shi a baki ruwan farko ya mayar.

Idan kuma Allah ya kawo rabo aka ce za a yi wa layinku aiki, ku gaya wa mazanku da mai unguwa da kansila abin da za su tambaya tun kafin katafila ta iso. Lambatu za a fara ko kwalta? Ina zai zubar? Titin zai fi ƙofofin gidaje tudu har ya juyo da ruwa cikin zaure? Hawa nawa za a daɓe? Ran da aka gama kuwa, kafin a yi guɗa, a samu dattijuwa guda cikinku ta fito da bokitin ruwa ta zuba a tsakiyar titin, a ga inda zai nufa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga kasuwar 'Yankaba mu ji yadda a ke shanya tumatir.